Jinin Baba Sauka Yake

A Hausa jini hawa kawai yake yi. Na daɗe ina neman wanda zai musa mini wannan, ban samu ba. Je ka kowane ƙauye tsakanin Gwaram da Birnin Kudu ka ce hawan jini, tsohuwar da ba ta taɓa leƙa aji ba za ta gyaɗa kai ta ce Allah ya sawwaƙe. Amma ka ce jinin wane ya sauka, sai a ce maka ai ƙarancin jini kake nufi, a dafa masa zogale, a gasa masa hanta. Ba mu da sunan abin, shi ya sa ko ya faɗi a gabanmu ba ma gane shi. Mahaifina ya faɗi a gabanmu ya fi sau ashirin.

Baba manomi ne a wani ƙauye da ke yankin Fagam. Asalinmu masu shanu ne. Kakana ne ya gaji da yawo ya kafa bukka ya kama fartanya, Baba kuma ya yi kiwo da ƙuruciya, daga baya shanun suka ragu, Fillancin ma ya bar bakinsa, sai 'yar gaisuwa idan dangi sun zo. Ni ne ɗan fari. Ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, kuma duk Juma'a da yamma nakan hau babur in tafi gida, in dawo ranar Lahadi. Da yake ni ne na yi boko a gidan, maganata a kan asibiti da magani ba a ja da ita. Ku riƙe wannan, don rabin laifin da zan ba da labarinsa nawa ne.

Baba ba liman ba ne, ba ladan ba ne, karatunsa ma bai yi nisa ba. Abu ɗaya yake tinƙaho da shi a duniya, wurinsa a sahun farko na masallacin unguwarmu, dab da bayan liman. Shekara talatin da ɗoriya yana tsayuwa a nan, har sawun ƙafarsa ya fito a tabarmar. A damarsa kullum maƙwabcinmu ne, wani Alhaji mai sayar da taki, wanda suka taso tare. Baba ya san marar lafiya yana da damar yin sallah a zaune, shi da kansa yakan lallashi tsofaffi su zauna. Amma idan aka zo kansa sai ya ce, "Ranar da kuka ga na yi sallah a zaune alhali ƙafafuna na ɗaukata, ku aika a fara haƙa." Muna dariya, shi kuwa ba wasa yake ba.

Ciwon ya shigo a hankali, ta ƙofar da ba mu tsare ba. Da farko Baba ya daina jin ƙanshi. Inna za ta soya albasa gidan ya ɗauka, shi ko a jikinsa. Muka ce tsufa ne. Sai hannunsa na dama ya fara wata 'yar karkarwa idan yana zaune, babban yatsa yana murza manuni. Mutane suka ce kai, Malam ya kai matsayi, ko ba carbi yana tasbihi. Shi ma bai gyara musu ba, wa ke ƙin yabo? Takunsa ya gajarta, yana jan ƙafa. Fuskarsa ta daina motsi, ana ba da labarin ban dariya yana kallon mutane ƙuri, har wasu suka fara cewa girman kai ya kama shi a tsufa.

Faɗuwar farko ranar kasuwar Gwaram ce, da bazara. Ya ci tuwo ya ƙoshi, ya bi jam'in azahar a wata rumfa, ya miƙe bayan sallama, sai ya zube. Aka kinkime shi zuwa wani shagon magani da ke kusa, aka kwantar da shi a benci. Mai shagon, wanda kowa ke kira likita ko da yake ba a san inda ya yi karatun ba, ya ɗaura masa abin awo a dantse yana kwance. Lambar ta yi sama. "Hawan jini ne," in ji shi. "Allah ne ya kiyaye, da ɓarin jiki ya shanye." Ya ba da ƙwaya, kullum ɗaya da safe, ya ce a raba shi da gishiri.

Da labari ya iso ni, ban tsaya tambayar kowa ba. Na sayi irin na'urar nan mai batir, na isa gida ina hura hanci. Na tara Inna da ƙannena mata na yi musu lacca. Ba gishiri, ba kanwa, ba dunƙulen miya, a riƙa yi wa Baba tukunyarsa daban. Duk mako ina isa zan ce, "Baba, a kwanta a huta tukuna, kada gajiya ta ɓata awon." Ya kwanta a tabarmarsa, in auna, in ga lamba a sama, in rubuta a bayan littafin darasi. Da na ga ba ta sauka, na koma wurin mai shagon, ya ƙara ƙwaya ta biyu, irin mai sa fitsari. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ni na ɗaura wa mahaifina shi da hannuna.

Ban manta wani daren Asabar da aka ajiye masa tuwon dawa da miyar kuka lami ba. Ya kai loma biyu ya tsame hannu. Ya ce, "Ƙanshi ya tafi tuntuni, ban ce komai ba. Gishirin nan shi kaɗai ya rage nake gane abinci nake ci." Na ce, "Baba, lafiyarka muke nema." Ya dube ni da fuskar nan tasa da ba ta motsi, ya mayar da hannu cikin kwanon ya cinye. Wata goma sha huɗu ya yi yana cin wannan abin.

Faɗuwa kuwa sai ta ƙaru, kuma kusan duk a masallaci. Abin yana da lokacinsa. Idan aka yi zaman tahiya a raka'a ta biyu, liman ya yi kabbara aka miƙe, nan ne. Baba ya ce mini sai ya ji wuyansa da kafaɗunsa sun yi nauyi, muryar liman ta yi nisa, duhu ya taso daga gefen ido ya rufe. Sai ya farka ya ga rufin masallaci. Ba ya daɗewa. Yana taɓa ƙasa, kafin a kawo ruwa ya buɗe ido yana tambayar raka'a ta nawa ake. Abin ya fi yi da asuba idan aka taso daga sujada, da kuma la'asar idan ya ci abinci ana zafi. Duk wannan a gabana aka yi, ni mai littafin rubuta lamba, ban taɓa tambayar kaina me ya sa mutum ke faɗuwa idan ya tashi, ya warke idan ya kwanta ba.

Mutanen unguwa su ma sun ga mutum na faɗuwa yana tashi, kuma su suna da suna a shirye. Ban san bakin da ya fara furta farfaɗiya ba. Na dai san wanda ya fara matsawa. Wata Juma'a na iso dab da magariba, na shiga sahu na biyu, sai na ga abin da ya sa na kasa tara hankalina a sallar. Tsakanin Baba da Alhaji akwai fili wanda yaro zai iya tsayuwa a ciki. Ta hagunsa ma haka. Liman ya juyo kamar kullum ya ce, "A daidaita sahu, a haɗa kafaɗa, kada a bar giɓi." Kowa ya gyara tsayuwa, ya manne da na kusa da shi, amma giɓin nan biyu suna nan. Liman ya gani da idonsa, ya juya ya ta da kabbara.

A wurinmu an yarda cewa yawun mai farfaɗiya yana harbi, ko taka shi ka yi ka ɗauka. Ƙarya ce, ko ga mai farfaɗiyar gaske, kuma na san ƙarya ce tun a lokacin. Amma a ce ma gaskiya ce, Baba bai taɓa fitar da kumfa ba, bai taɓa shure-shure ba. Sulalewa yake kamar an zare masa ƙashi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da suna manne da shi yadda addini ya ce, da ko jirin ya ɗebe shi kafaɗa biyu za su tare shi. Da suka buɗe masa fili, sai ya riƙa tafiya har ƙasa. A haka ya fasa goshi a gefen ginshiƙi.

Bayan fasa goshin ne Alhaji ya yi sallama a zaurenmu, ya ce liman ne ya aiko shi. Ina zaune a gefe. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi gona, ya tambayi jiki, sannan ya sauka.

"Malam, jama'a ce ta ga ya kamata ka riƙa yin sallarka a gida. Ai lalura ce, ladanka na nan. In kuma ka matsa sai ka zo, to ga bayan sahu can wajen ƙofa, ka zauna abinka, iska ma ta fi kaɗawa."

Yatsun Baba na ta murzawa. Can ya ce, "Alhaji, na taɓa tsallake wani na shiga wurin nan?"

"A'a."

"To wanda ya riga ni zuwa ya tsaya a wurin. In na riga shi, nawa ne."

Daga ranar ya koma fita tun kafin kiran sallah, yana jan ƙafa, don kada a riga shi. Ba wanda ya yi takara da shi. Wa zai so wurin?

Fasa goshin ne ya sa na kai shi babban asibiti a Birnin Kudu, ba wayona ba. Ɗinkin da aka yi masa a ƙauye ya ƙi kamewa. Muka tafi da Inna a motar haya. Bayan an wanke ciwon aka tura mu wajen wata likita, mace, Kirista, 'yar wata jiha ta kudu. Hausarta a nan ta koye ta, takan mayar da namiji mace, amma tana sauraro da kyau. Tun daga ƙofa take kallon yadda Baba ke takowa. Na zube mata ƙwayoyin a tebur tare da littafina, ina jiran ta yaba.

Ta duba lambobin ta ce, "Malam, a yaya kake auna shi?"

"A kwance, likita. Sai ya huta sosai."

"Kullum a kwance?"

"Kullum."

"A kwance yake faɗuwa?"

Ta sa ya kwanta na ɗan lokaci ta auna, lambar ta yi sama kamar yadda na saba gani, har na ɗan ji sanyi. Sai ta ce in riƙe shi ya miƙe tsaye, abin awon na ɗaure a dantsensa. Ta sake aunawa. Ina kallon gilashin na'urar da idona lambar ta gangaro ƙasa warwas, kuma a daidai lokacin na ji nauyin Baba ya dawo hannuna gaba ɗaya. Ta ce, "Zaunar da shi. Ka gani? Jinin Baba faɗuwa take yi idan ya tashi."

Inna ta ce, "To a ƙara masa mana, ga ɗansa nan sai a ɗiba."

Likitar ta ce ba ƙaranci ba ne, jinin na nan cike. Ƙarfin tura shi zuwa kai ne ke gazawa idan ya miƙe. Ta ɗaga ƙwayoyin nan biyu ta ce waɗannan aikinsu su sauke jini, to ga mutumin da nasa ke sauka da kansa an ƙara masa da turi. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ta lanƙwasa hannunsa ta miƙar, ta sa ya taɓa yatsu, ta tambayi ƙanshi, ta tambayi bayan gida. Sai ta juya wajen Inna ta yi tambayar da ban ga haɗinta da komai ba.

"Inna, Baba yana faɗa a cikin barci? Ihu, ko duka, ko shuri?"

Inna ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi. Ni sarkin sani na karɓe, "A'a, barcinsa lafiya lau."

"Kai kake kwana da shi?"

Ta dubi Inna, ta dube ni, ta ce in ɗan jira a waje. Ta yi shekaru a ƙasar nan, ta san mace irin Inna ba za ta yi maganar ɗakin mijinta a gaban ɗan fari ba. Inna ko sunana ba ta faɗa, sai dai ta ce "wannan" ko "shi". Na fita, amma ban yi nisa ba. Labule ne kawai a ƙofar, kuma na tsaya na saurara, Allah ya yafe mini.

Ashe faɗan barcin ya fi shekara goma, tun kafin hannun ya fara rawa. Inna ta ce yakan yi barci lafiya, sai can wajen asuba ya fara magana da Fillanci, yaren da ya bari tun ina goye. Yana kiran shanu da sunayensu, yana korar kura, yana kokawa da ɓarayi. Sai ya kai naushi, ya kai shuri, wata rana ya diro daga gado. In ta tashe shi sai ya farka garau, ya ba ta labarin mafarkin tiryan-tiryan. Likitar ta tambaye ta ko ya taɓa ji mata ciwo. Sannan na ji Inna ta ce, "Wannan haƙorin."

Inna tana da giɓi a sama ta gefen hagu. Mun san labarinsa, ko mun zaci mun sani. Ta ce mana tsakuwa ta tauna a cikin wake, har muka yi ta tsokanar ƙanwata da ta tsince waken. Tun daga ranar da haƙorin ya fita ashe a ƙasa take kwana, a tabarma bakin ƙofa, ta naɗe ta kafin gari ya waye kada wani ya gani ya ce sun ɓata. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka aka koya mata, ta kuwa riƙe. Tsoronta kada a ce mijinta na dukanta, ko a ce iska ce ta shige shi.

Sai na ji muryar Baba, ƙasa-ƙasa yadda ciwon ya mayar da ita. "Likita, ni a farke ban taɓa ɗaga mata hannu ba. Na ɗauka wani mugun hali ne Allah ya ɓoye a cikina, yake fitowa in na yi barci. Kullum a sujada shi nake roƙon a cire mini."

A nan na gane abin da ke kai shi sahun farko tun kafin kiran sallah, da abin da ya sa ba zai zauna ba.

Da ta kira ni ciki, hawaye na bin fuskar Baba, fuskar kuma ko gezau. Likitar ta yi mana bayani da Hausarta mai gargada, kuma ban taɓa jin bayanin da ya fi shi shiga ba. Ta ce mai lafiya idan ya shiga mafarki, ƙwaƙwalwa takan yi wa jikinsa dabaibayi, ya yi gudunsa da faɗansa a mafarki jiki na kwance. Na Baba dabaibayin ne ya kwance. Ta ce kuma akwai jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini idan mutum ya miƙe don jinin ya kai kai, ba tare da ya sani ba, su ma sun yi rauni. Da wannan, da wancan, da karkarwar, da ƙanshin da ya tafi, duk ciwo ɗaya ne na ƙwaƙwalwa, ta faɗi sunansa da Turanci. Ta ce masu wannan ciwo da ke faɗa a barci sau da yawa su ne jininsu ke faɗuwa a tsaye, shi ya sa ta tambaya. Faɗan barcin yakan riga sauran zuwa da shekaru. Ta dubi Baba ta ce, "Ba halinka ba ne, Baba. Ciwo ne." Ta ce ba a warkewa, amma faɗuwar za a iya rage ta.

Ta tsayar da ƙwayoyin mai shago, ta rubuta nata. Ta ce a ɗaga kan gadonsa da bulo don kada jinin ya yi ta hawa yana kwance. A ɗauke sanda da fitila daga kusa da gadon. Ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan maimakon ya cika ciki. Ya shanye moɗa guda ta ruwa kafin ya fita masallaci. In zai tashi ya tashi daki-daki, ya zauna, ya dafa gwiwa, ya ɗan jira. Kuma a mayar masa da gishirinsa daidai misali, za ta riƙa dubawa.

Daren da muka koma Inna ta yi miyar kuka tukunya ɗaya, ta kowa da kowa. Baba ya kai loma, ya tsaya, ya ce, "Yau an yi miya a gidan nan." Bai dube ni ba, bai kuma taɓa tayar mini da maganar ba har ya bar duniya. Ni na tashi na bar tuwona na zagaya bayan gida na yi kuka.

Fushin da nake yi da kaina na kwashe na kai Gwaram, na sauke wa mai shagon magani. Ya bar ni na gama, ya ce, "Malam, ni abin da na'ura ta nuna na faɗa. Kai da ka sayi taka, me ta nuna maka?" Na hau babur ɗina na tafi, don ya fi ni gaskiya a wannan. Amma har gobe ina cewa mutumin da zai ba tsoho ƙwaya wata goma sha huɗu, ana ce masa faɗuwa na ƙaruwa yana ƙara ƙwaya, ya kamata a karɓe abin awon daga hannunsa.

Saura masallaci. Na samu liman da Alhaji bayan isha'i, na yi musu bayani dalla-dalla. Na ce ba farfaɗiya ba ce, ko ita ce ma ba a ɗauka. Na ce jininsa ne ke sauka idan ya miƙe.

Alhaji ya yi 'yar dariya. "Sauka? Ya sauka ina, Malam? Mu dai hawa muka sani. In ƙaranci ne a ba shi hanta."

Na sake bayani. Ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya. Amma ka san likitocin nan ba komai suke faɗa wa mutum ba. Ni ina da jikoki a gida. Rigakafi ya fi magani."

Nan na manta da tarbiyya. Na ce masa shekara talatin yana goga kafaɗa da mutum, ranar da mutumin ya buƙaci kafaɗar ya janye ta. Na ce giɓin da ake cewa Shaiɗan ke shiga, shi ya buɗe masa da kansa. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Liman kuwa sai faɗi yake "a yi haƙuri, a yi haƙuri", wanda shi ne abin da yake cewa a kan komai. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Baba ya kira ni ya ce, "Sa'an ubanka ne. Gobe ka je ka ba shi haƙuri, kuma duk inda ka gan shi ka gaishe shi." Na je na bayar, baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Baba ya koma wurinsa. Yakan sha ruwansa, ya fita da wuri. Idan liman ya yi kabbarar tashi daga tahiya, kowa ya miƙe, shi sai ya dafa gwiwa, ya ɗan tsaya a durƙushe, sannan ya ƙarasa miƙewa, ya riski Fatiha a tsakiya. Damina guda da rani guda ya yi a haka bai faɗi a masallaci ba ko sau ɗaya. Kowa ya gani. Na zaci wata rana Alhaji zai matso, ko da taku ɗaya ne, ko da a ce mantuwa ya yi. Ranar Asabar da Lahadi ni nake tsayuwa a hagun Baba, kafaɗata a jikin tasa, ina jin 'yar karkarwar tana ratsa rigata. Damarsa a buɗe take. Sauran kwana biyar na mako kuwa, ƙanena ya ce mini, duka gefen biyu ne.

Daga baya ciwon ya ci ƙafafun. Ya koma sallah a zaune a ɗaki, kuma bai yi gardama ba, ya ce yanzu ƙafafun ne suka ƙi, ba shi ba. Inna ta dawo da tabarmarta gefen gadon, ba ta ƙara naɗe ta da asuba ba. Ya rasu da kaka, ana yankan gero.

An yi jama'a sosai a jana'izarsa, har daga Gwaram da Dingaya. Aka ajiye shi a gaba, aka ja sahu a filin ƙofar masallaci. Sallar gawa ba ruku'u ba sujada, tsayuwa ce daga farko har ƙarshe. Ina sahun farko, hankalina ba ya jikina, ashe na bar ɗan fili ta damana. Sai na ji an ja hannun rigata. Alhaji ne, idonsa jawur, da alama ya yi kuka da gaske. Ya ce, "Matso, Malam. Kada a bar giɓi."

Na dube shi. Baba na kwance a gabanmu, kuma shi ne tun yana raye ya ce in riƙa girmama mutumin nan. Na matsa, kafaɗata ta haɗu da tasa, liman ya yi kabbara. Kafaɗa ce mai faɗi, mai ƙarfi, da ta tare Baba ba tare da ta ji nauyinsa ba.